Abin da Na Faɗa Wajen Rakiya

A garinmu, can gefen Funtuwa, Isiya Rediyo ake ce mini, kuma ban taɓa jin haushin sunan ba sai da na zo Jidda. Tun ina saurayi ba na rabuwa da akwatin rediyo. Ina ban ruwa yana rataye a reshen mangwaro, ina shan koko yana gefena. In gardama ta kaure a majalisa kan wane shugaba ne ya faɗi zaɓe, ko wace ƙasa ce ta kai wa wata hari, ni ake aika wa in zo in raba. Da zarar na ce "an faɗa a rediyo," kowa sai ya kama bakinsa.

Abu ɗaya mahaifinmu ya bar mana: fadama a bakin rafi, mai ba da rake da tumatir da albasa. Ni da ƙanena Sani muka gaje ta, ba mu raba ba, Inna kuma daga cikinta take ci. Da zan taho na ce wa Sani komai rintsi fadamar nan ba ta sayarwa ba ce. Ya ce, "Haba Yaya, ko da wasa."

Zangona na farko Balad ne, tsohuwar unguwar Jidda. Da bizar Umara na shigo, ejan ɗin da ya yi mini takardu kuma ya rantse cewa akwai wanda zai tare ni, ya samo mini iƙama, wato takardar izinin zama, ya sa ni tuƙin mota. Ya kuwa tare ni. Bahaushe ɗan'uwana, fara'a har kunne, carbi a hannu. Ya karɓi fasfona ya ce in jira shi gobe bayan Azahar a bakin masallaci. Na jira shi kwana goma sha ɗaya, kullum da wankakkiyar riga. Har yau in na ga mai irin tafiyarsa sai gabana ya faɗi.

Aka saka ni wani tsohon gida mai bangon dutsen teku, mu tara a ɗaki, fanka ɗaya tana juyawa kamar an roƙe ta. Zafin Jidda ba irin namu ba ne, jiƙa mutum yake yi, ka yi wanka ka fito kana neman wani wankan. Dako na kama a kasuwa, ina tura amalanken darduma da kwalayen dabino a lungunan da mota ba ta shiga. Na koyi kalma uku kafin komai: yalla, wato yi sauri, halas, wato an gama, da sunan 'yan sandan da ke kamen marasa takarda. In aka kira na ukun, ko kayan wa kake ɗauke da su, ajiyewa kake yi ka nemi lungu. Ni da nake da mata da 'ya'ya uku, ga ni ina gudu da silifa a hannu.

Akwai wani mutumin Yaman mai gasa gurasa a bakin layinmu. Ba mu taɓa yin hira ba, ba na jin yarensa, ba ya jin nawa. Amma ranar da ya gan ni zaune ina kallon tanderunsa ban saya ba, sai ya naɗe guda a takarda ya ajiye a gefena ya koma aikinsa. Haka ya yi ta yi duk ranar da ban samu dako ba. Ban san sunansa ba, ina dai sa shi a addu'a.

Kewar gida kuwa ba a magana. Ba tuwo na fi kewa ba, ƙamshin ƙasar fadama ne in an gama ban ruwa da yamma. To amma duk Juma'a in na kira gida, Inna ta ce yaya ake ciki, sai in ce, "Lafiya lau, Inna, mun gode Allah." Me zan ce mata? Har hoto na aika, na jingina da wata doguwar mota da ban san mai ita ba. Wannan laifina ne, kuma ban ɗora wa kowa ba.

Bayan shekara guda na koma unguwar Hindawiyya, wajen Ammu Bakur. Ammu a bakin Larabawa kawu ke nan. Tsoho ne haifaffen Jidda, kakansa ne ya taho da ƙafa daga Katsina neman aikin Hajji ya zauna. Tsire yake yi, Larabawa har layi suke yi masa da yamma, ni kuma ya ɗauke ni yanka nama da fifita wuta. Hausarsa ta tsofaffi ce, rabi kuma Larabci, sai ka saba kake gane inda ya dosa. Shi ya fara ba ni katifa tawa ni kaɗai, kuma bai taɓa cin abinci bai kira ni ba.

Abu ɗaya ya haɗa mu faɗa, rediyo. In lokacin labaru ya yi na kunna a wayata, sai ya tsuke fuska.

"Ya waladi, ɗana, kashe mana wannan ƙaryar. Kalam fadi, maganar banza!"

"Ammu, labarin duniya ne fa."

"Duniyar wa? Su ke sayar da bindiga, su ke ba ka labarin yaƙin, su ke zuwa da buhun shinkafa a ɗauke su hoto. Yau su ce wane mugu ne, gobe ka gan su sun shimfiɗa masa jar darduma. Ni na tsufa ina kallo."

Abin da ya fi tsana shi ne in an ce an ji ra'ayin jama'a. Sai ya ɗaga wuƙar yanka ya nuna wayar. "Wai mutane sun ce. Waɗanne mutane? Ni ba mutum ba ne? Tunda aka haife ni a layin nan wa ya taɓa tambayata?" Ya ce akwai shekarar da masu talabijin suka zo unguwar, ya ciyar da su tsire har suka ture, da aka nuna shirin babu komai sai kwata da bola da awaki. Tun ranar ya rufe babinsu. Ko ruwan sama suka ce za a yi, shi sai ya shanya tufafinsa.

Ni kuwa dariya nake yi masa. Ina ce masa ɗan ra'ayin riƙau, kamar yadda na ji ana faɗa a rediyo. Sai ya ce, "Na gode. Na riƙe nawa, kai ka riƙe na wani."

Wata ranar Talata bayan La'asar, muna cikin jera tsinke, sai ga wani mutum da jaka a kafaɗa ya yi sallama. Yana buɗe baki na gane muryar. Malam Nafi'u ne, na ɗaya daga cikin gidajen rediyon ƙasashen waje masu sashen Hausa, wanda na shekara da shekaru ina ji a bakin rafi. Ya ce Umara ya zo, kuma gidansu na jin ra'ayin Hausawa mazauna Saudiyya, tambaya uku ce kawai.

Ammu ko kallonsa bai yi ba. Ya ce, "Ga tsire, ci. Magana babu."

Na ja shi gefe na ce, "Ammu, kullum kana cewa ba a tambaye ka ba. Yau ga shi an zo har gida."

Ya ce, "Sun riga sun rubuta amsarsu tun a jirgi. Murya suka zo nema. Kada ka ba su taka."

Ina zan ji? Isiya Rediyo zai shiga rediyo! Na goge hannu a riga na gyara tsayuwa. Malam Nafi'u ya fito da 'yar na'urarsa ya kara mini a baki. Mutane sun kewaye mu, masu sayen tsire, da 'yan unguwa, ga Ammu a bayana yana fifita.

"Yaya zamanka a nan, ka gamsu?"

"Alhamdulillahi, lafiya lau, sai godiya."

"Aiki fa, yana tafiya?"

"Yana tafiya, mun gode Allah. Ana samun rufin asiri."

"Za ka ba ɗan'uwanka shawara ya zo?"

"To, ƙasa ce mai tsarki. In Allah ya rubuta masa, wa zai hana shi?"

Na ga yana 'yan alamu a wata takarda. Na roƙi arziki in gai da gida, ya ce bismilla. Na gai da Inna, da Sani, da mai ɗakina, da mai unguwarmu, da 'yan majalisar bakin kasuwa, kowa da sunansa.

Yanzu duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san abin da na yi. Baƙo bai gama zama ba, a gaban jama'a, a gaban mutumin da ke ciyar da kai, ya ce yaya aiki, sai ka ce wahala kake sha? Ai ko a gadon asibiti aka tambaye ka jiki, da sauƙi za ka ce. Wannan gaisuwa ce. Maganar da ta kawo mutum, da wadda ke cin ran mai gida, sai an tashi tafiya, wajen rakiya, in an rage daga kai sai shi. Haka na ga ubana yana yi, haka kowa ke yi.

Don haka da ya yi sallama na ɗauki jakarsa na raka shi bakin titi neman tasi. A hanyar nan na zazzage masa komai. Na gaya masa zancen fasfona. Na gaya masa ɗakin mutum tara, da gudu da silifa a hannu, da magidantan da suka shekara goma ba su ga 'ya'yansu ba don ba su da fuskar komawa hannu wofi. Har hawaye na yi, ban ji kunya ba. Na ce, "Malam Nafi'u, don girman Allah ka gaya wa mutanen gida, kada wanda ya sayar da ko akuya don ya zo nan."

Ya dafa kafaɗata ya ce, "Allah sarki. Allah ya kawo sauƙi, Malam Isiya." Ya ba ni lambar wayarsa, ya karɓi jakarsa ya shiga tasi. Na'urar tana cikin jakar, a kashe, ni na ɗauko ta da hannuna. Na dawo raina fes, wai na isar da saƙo.

Bayan mako uku aka sa shirin. Muna shirin hura wuta na ƙure muryar wayata don Ammu ya ji. Aka ce mafi yawan Hausawan da aka tambaya a Jidda sun gamsu da zamansu, suna samun aiki, kuma za su so 'yan'uwansu su zo. Sai aka ce ga ɗaya daga cikinsu. Sai ga ni. "Alhamdulillahi, lafiya lau. Ana samun rufin asiri. Wa zai hana shi?" Har gaisuwata aka sa, ba a cire sunan kowa ba. Na jira a kawo sauran. Sai na ji kiɗa, aka shiga labarin taron manyan ƙasashe.

Ammu ya ci gaba da hura wutarsa. Gara ma a ce ya yi mini dariya.

Ba a yi awa ɗaya ba Sani ya kira, ina jin hayaniyar majalisa a bayansa. "Yaya! Gari ya ɗauka! Mai unguwa har tsayawa ya yi da ya ji sunansa. Ashe haka kuke shanawa ka yi shiru?"

Na ce, "Sani, fita daga cikin mutane mu yi magana."

Ya fita. Ranar na gaya masa abin da ban taɓa gaya wa kowa a gida ba, tiryan-tiryan, har zancen motar da ke cikin hoto. Sai ya yi wata 'yar dariya da ban taɓa ji a bakinsa ba.

"Yaya, in ba ka son in zo ne ka faɗa kawai."

"Wallahi tallahi gaskiya nake gaya maka."

"To wanne ne gaskiyar? Shekara biyu kana cewa lafiya lau. An faɗa a rediyo, kuma ba kai kaɗai aka tambaya ba, an ce mafi yawa. Kai fa ka koya mana cewa su ba sa faɗin abin da ba su tabbatar ba."

Wannan maganar ta soke ni, don ni na koya masa. Ya ce damina biyu ruwa na cinye tumatir, taki ya gagari talaka, ya gaji. Ya ce akwai wani Alhaji mai gidan gona da ya daɗe yana son fadamar, kuma ejan ya ce masa wata biyu ya isa.

Na ce a ba ni Inna. Ni ɗan farinta ne, ba ta kama sunana, ba ta kuma doguwar magana da ni. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Ni dai na ji da kunnena. Shi ma ɗan'uwanka ne, ka riƙe masa hannu." Ta miƙa wayar.

Washegari na kira Malam Nafi'u. Sai a kira na huɗu ya ɗauka, sai da na tuna masa tsiren Hindawiyya ya gane ni. Na ce ina maganar da muka yi a hanya?

Ya ce, "Ayya, Malam Isiya, wancan ai hira ce muka yi. Abin da ke cikin na'ura shi ne labari. Ban ƙara maka ko kalma ɗaya ba."

"Kai ba Bahaushe ba ne? Ba ka san gaisuwa ba? Duk waɗanda ka tambaya ba haka suka ce maka ba?"

"Haka suka ce, shi ya sa muka faɗa."

"To ka dawo da na'urar in faɗi gaskiya, ko ta waya ce. Gonar ubanmu za a sayar."

Ya ce ya tausaya ƙwarai, amma shirin ya wuce, yanzu zaɓen wata ƙasar Turawa suke kai, in sami lokaci in aiko da saƙo a shirin wasiƙu. Na aika sau uku. Ba a karanta ba.

Har Ammu ya sa baki. Ya karɓi wayata ya kira Sani da kansa, ya haɗa Hausa da Larabci ya ce, "Ya waladi, zauna a gonarka. Wallahil azim nan babu komai sai zafi da gudu. Mu da aka haifa a nan ma muna lallaɓawa ne." Da suka gama Sani ya turo mini saƙo, wai wannan tsohon mai karyayyar Hausa shi ne kuke ci tare, dole ya kare maka.

Na kira mai unguwa na ce ban yarda a sayar ba, rabi nawa ne. Ya ce, "Haba Isiya, ai kai ka wuce noma. Mun ji ka." Inna ta yarda, Sani ya sa hannu, mai unguwar ya yi shaida. Ranar da aka auna fadamar ina yanka nama na yanke ɗan yatsana, ban ma ji ba sai da Ammu ya fizge wuƙar.

Ba a jima ba kame ya yi tsanani a Hindawiyya. Ammu ya ce in aka same ni a rumfarsa shi da ni duka mun shiga uku, don haka ya haɗa ni da wani saninsa mai sito a Khumra, can kudancin gari. Da zan tafi ya ƙulle mini tsire a takarda, ya rako ni har bakin titi. A nan ya ce, "Ban ji daɗin da gaskiyata ta fito ba, ya waladi. Na so a ce kai ne ka ci gardamar."

Khumra babu lungu, babu mai gurasa, sai sito da tirela da rana. Buhunan shinkafa muke saukewa daga safe har La'asar. Na goge duk tashoshin da ke wayata. In abokan aiki suka kunna labaru, aka ce bincike ya nuna ko jama'a sun ce, ni ne yanzu nake cewa, "Waɗanne jama'a? Wa ya raka su bakin titi?" Har sun fara ce mini ɗan ra'ayin riƙau.

A nan Sani ya same ni. Ya zo da sabuwar shadda da 'yar jaka, wanda ya tare shi a Balad ya riga ya karɓi fasfonsa, ya ce gobe bayan Azahar. Ya tsaya a ƙofar ɗakinmu yana kallon katifu a jere a ƙasa, da igiyar shanya, da bokitin wanka. Ya dube ni, na rame, yatsa a naɗe. Ban ce masa na gaya maka ba. Na matsa masa gefen katifata.

Kwana shida ya yi yana sauke buhu. Kafaɗarsa ta saluɓe, na shafa masa man zafi. A rana ta biyar aka yi ihun kame, na ga ƙanena, uban 'ya'ya biyu, yana gudu tsakanin tireloli da silifa a hannu.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci muka zauna a inuwar sito, na miƙa masa wayar. Na ce, "Kira Inna. Ka gaya mata yadda ka gani, kada ka rage komai. Kai za ta yarda da kai."

Ya ce to. Ya kira, ya buɗe muryar don in ji. Inna ta ce, "Sani? Kun sauka lafiya? Yaya wajen?"

Sani ya sunkuyar da kai.

"Lafiya lau, Inna. Alhamdulillahi."

"Madalla, madalla. Ai na faɗa. Ga ɗan kawunku ma yana neman mai sayen shanun nomansa, ya ce ku riƙe masa wuri. Ba ni yayanka."

Sani ya miƙo mini wayar bai kalle ni ba. Na karɓa, na riga na shirya maganata tun daren jiya, kalma bayan kalma. Sai na ji numfashinta, na tsohuwar da ba ta da fadama yanzu, ba ta da kowa sai mu biyun nan da ke zaune a ƙasa.

Ta ce, "Yaya aikin?"

Na ce, "Mun gode Allah, Inna."